Tambayoyi da amsoshi kan ɗora Notepad++ a kwamfuta da yin aiki da shi

Mene ne Notepad++, kuma me ya raba shi da Word?

Notepad++ manhaja ce ta rubutu zalla. Abin da ka buga a allon madannai shi kaɗai ke shiga cikin fayil, babu ado, babu hoto, babu girman harafi ko launinsa. Word kuwa, da takwaransa LibreOffice Writer, an yi su ne don tsara takarda yadda za ta yi kyau idan an buga ta, shi ya sa fayil ɗinsu ke cike da bayanan ado da ido ba ya gani. Idan wasiƙar neman aiki za ka rubuta, Word ne naka. Idan kuwa za ka gyara fayil ɗin shafin intanet, ko fassarar da ke fitowa a ƙasan fim mai ƙarshen suna .srt, ko jerin sunaye na .csv, ko rubutun furogiram, to ɓoyayyen adon nan na Word ɓata maka aiki zai yi, kuma a nan ne ake neman irin su Notepad++.

Wani injiniyan manhaja mai suna Don Ho ne ya ƙirƙire shi, ya fitar da shi a watan Nuwamba na 2003. An rubuta shi da harshen C++ a kan wani injin rubutu da ake kira Scintilla, kuma tambarinsa hawainiya ce kore.

Da gaske kyauta ne, ko daga baya za a nemi kuɗi?

Kyauta ne, ba na gwajin kwana talatin ba. Yana ƙarƙashin lasisin GPL, wanda ya ba kowa damar amfani da shi a gida ko a ofis, ya kwafa wa wani, ya duba yadda aka rubuta shi a GitHub (shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu), har ma ya gyara idan ya iya. Babu rajista, babu lambar buɗewa. Saboda haka duk wanda ya ce zai sayar maka da “cikakken” Notepad++, ko ya ba ka wanda aka “fasa”, cutarka yake son yi, domin babu abin fasawa a jikinsa tun farko. Mai shagon gyaran kwamfuta zai iya karɓar ladan ɗora maka shi, wannan kuɗin aikinsa ne, amma manhajar ba ta da farashi.

Ai Windows na zuwa da nasa Notepad. Me zai sa in ƙara wani?

Idan abin da kake yi bai wuce ajiye lambar waya ko ɗan tunatarwa ba, zauna da wanda ke cikin Windows, ya ishe ka. Ya ma gyaru sosai a Windows 11, inda ya samu damar buɗe fayiloli da yawa a taga ɗaya. Bambancin yana fitowa ne idan aiki ya yi nauyi: neman kalma ɗaya a cikin fayiloli ɗari lokaci guda, sauya wani harafi a duk inda ya fito, kwatanta fayil biyu, ganin lambar kowane layi, ko gane dalilin da ya sa haruffan Hausa suka rikiɗe suka koma shirme. Waɗannan su ne sana’ar Notepad++.

A ina zan sauke shi?

A shafinsa na asali, notepad-plus-plus.org, ko a ma’ajiyarsa da ke GitHub. Ka buga adireshin da hannunka. Kada ka dogara da sakamakon farko da injin bincike ya nuna maka, domin sau da yawa na saman talla ne, kuma ’yan damfara sun saba buɗe shafuka masu kama da na sanannun manhajoji su cusa bairos a cikin abin da za ka sauke. Haka nan wanda aka turo maka ta WhatsApp ko ka tsinta a filashin wani, ba ka san hannu nawa ya bi ba.

Wannan ba tsoratarwa ba ce kawai. A 2017, takardun da WikiLeaks, shafin tona asirin gwamnatoci, ta fallasa sun nuna cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA tana da dabarar musanya wani fayil na cikin Notepad++ mai suna SciLexer.dll da nata na bogi, a kwamfutar da ta riga ta shiga. Masu manhajar sun fitar da siga ta 7.3.3 don toshe wannan kafa. Manhajar da miliyoyin mutane ke amfani da ita dole ta ja hankalin masu mugun nufi.

Mai son ƙarin tabbaci zai iya gwada sa hannun fayil ɗin. Ana wallafa lambar SHA-256 ta kowace siga tare da ita. Ka buɗe Command Prompt a foldar da fayil ɗin yake, ka buga certutil -hashfile, sai sunan fayil ɗin, sai SHA256. Doguwar lambar da ta fito ta zama daidai da ta shafin, harafi da harafi.

Na ga x64 da x86 da ARM64. Wanne zan ɗauka?

Mafi yawan kwamfutocin da ke hannun mutane yanzu x64 ne, wato masu bit 64. Don ka tabbatar, shiga Settings na Windows, sai System, sai About, ka duba layin da aka rubuta System type. Idan ka ga 32-bit, ɗauki x86. ARM64 na wasu sababbin laftof ne masu injin Snapdragon. Idan ka ruɗe, x86 yana tashi har a kan Windows mai bit 64, sai dai ba ya jure manyan fayiloli kamar ɗan’uwansa.

Fayil ɗin ɗorawar ’yan megabait ne, bai kai girman ɗan gajeren bidiyon da ake turawa a waya ba, don haka batun data ba matsala ba ne.

Yaya ake ɗora shi?

Danna fayil ɗin da ka sauke sau biyu. Windows zai tambaye ka ko ka yarda manhajar ta yi sauyi a kwamfutarka, ka ce Yes. Sai zaɓen harshe, sai lasisi, sai wurin da za a ajiye shi, wanda ya fi kyau ka bar shi yadda yake a Program Files. Shafin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne na zaɓen kayan da za a ɗora. A nan ka tabbata akwai alama a kan Context Menu Entry, domin shi ne zai sa idan ka danna ɓarin dama na maus a kan kowane fayil ka ga “Edit with Notepad++”. Idan kana son menu ya fito da Faransanci ko Larabci, kamar yadda ’yan’uwa na Maraɗi da Damagaram ko na Sudan za su fi so, buɗe rukunin Localization ka sa alama a harshen. Bayan an gama sai ka sauya harshen a cikin Notepad++, a Settings, Preferences, General.

Wanda ya saba da buga umarni yana da gajeriyar hanya. A Windows 10 da 11 akwai winget, umarnin ɗora manhaja, sai kawai ka buɗe Command Prompt ka buga winget install Notepad++.Notepad++ ka danna Enter.

Abu ɗaya da kan hana ɗorawa shi ne idan Windows ɗinka yana cikin abin da ake kira S mode, wanda ba ya karɓar manhaja sai daga shagon Microsoft. Sai ka fita daga wannan yanayi tukuna, kuma ka sani idan ka fita ba a komawa.

Kwamfutar ofis ce, ba ni da izinin ɗora komai. Akwai dabara?

Akwai sigar tafi-da-gidanka, wadda a shafin aka rubuta mata Portable, tana zuwa a dunƙule a matsayin zip ko 7z. Ba a ɗora ta. Ka warware ta a cikin folda, ko a filashi, ka danna notepad++.exe, shi ke nan ta tashi. A cikin foldar akwai wani ɗan fayil mai suna doLocalConf.xml, wanda ba komai a cikinsa, amma kasancewarsa a wurin ita ke gaya wa manhajar ta ajiye duk saitinta a cikin wannan folda maimakon cikin kwamfutar. Kada ka goge shi don ka ga fanko ne. Da wannan, ɗalibin da ke yawo tsakanin ɗakin kwamfutar makaranta da shagon intanet zai riƙa tarar da saitinsa yadda ya bar shi.

Sai dai idan ofishinku ya hana shigo da manhaja daga waje, tambayi mai kula da kwamfutocin kafin ka yi. Iya yin abu daban, halascinsa daban.

Tsohuwar kwamfuta ce da ni. Zai yi aiki?

Nan ne ma ya fi nuna kansa, domin ba ya cin ƙwaƙwalwa, kuma yana buɗewa nan take a kan tsohuwar laftof ɗin da wasu manhajoji ke sa ta nishi. Sai dai Windows XP an daina yi masa tun bayan siga ta 7.9.2. Mai XP sai ya nemi wannan tsohuwar sigar a shafin asali, tare da sanin cewa gyare-gyaren tsaro na baya ba su cikinta.

Na rubuta Hausa, na adana, da na sake buɗewa sai ƙ da ɗ da ɓ suka koma alamar tambaya. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci ga mai rubuta Hausa, don haka bari a yi mata bayani a tsanake.

Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani. Kowane fayil na rubutu jerin lambobi ne, kuma akwai tsarin da ke cewa wannan lamba ita ce wannan harafi. Tsohon tsarin da Windows ke kira ANSI gurabe 256 kawai gare shi, kuma a kwamfutocin da aka saita da Turanci ko Faransanci an cike guraben da haruffan harsunan Yammacin Turai. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ a ciki. Idan ka adana rubutu da wannan tsari, duk harafin da ba shi da gurbi sai a maye shi da alamar tambaya. “Ƙasa” ta koma “?asa”. Idan hakan ta riga ta faru kuma an adana, harafin ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da shi sai an bi an gyara da hannu.

Tsarin da ke ɗauke da haruffanmu shi ne Unicode, kuma hanyar adana shi da ta fi yaɗuwa ita ce UTF-8. A ciki, ɓ tana da lamba U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ U+01B4. Kafin ka fara rubutu, dubi ƙasan tagar Notepad++ ta hannun dama, a can yake nuna tsarin fayil ɗin da ke gabanka. Ka ga UTF-8, ka ci gaba. Domin duk sabon fayil ya riƙa farawa da shi, shiga Settings, Preferences, New Document, ka tabbata UTF-8 aka zaɓa.

Akwai ciwo na biyu mai kama da wannan amma yana da magani. Wani lokaci ba alamar tambaya za ka gani ba, sai baƙin haruffa biyu a wurin guda ɗaya, kamar Æ™ a wurin ƙ, ko É— a wurin ɗ. Wannan fayil ɗin lafiyarsa lau, UTF-8 ne, karanta shi aka yi da tsarin da ba nasa ba. Kada ka adana komai tukuna. Buɗe menu na Encoding, a rukunin sama ka danna UTF-8, sai ka ga haruffa sun dawo hayyacinsu.

A lura da kyau, menu ɗin nan rukuni biyu ne. Na sama yana sauya yadda ake karanta fayil ne kawai, bai taɓa abin da ke ciki ba. Na ƙasa, masu farawa da Convert to, su ne ke sake rubuta fayil ɗin da sabon tsari. Mutane da yawa sukan ga shirme su garzaya su danna Convert to UTF-8, sai shirmen ya zauna daram, ya zama shi ne ainihin rubutun. Ƙa’idar ita ce ka fara da rukunin sama har sai rubutu ya karantu daidai, sannan idan akwai buƙata ka juya shi da na ƙasa.

To mene ne UTF-8-BOM?

UTF-8 ne da aka liƙa masa wata ’yar alama da ba a gani a farkon fayil. Yawancin lokaci ba a buƙatarta, har takan kawo cikas a fayilolin PHP da rubutun umarni na Linux. Inda take da rana shi ne .csv da za a buɗe da Excel: idan babu ita, danna fayil sau biyu kan sa Excel ya karanta sunaye irin su Ɗanladi da Ɓaidu a hargitse. Idan jerin sunayen ɗalibai ko na ma’aikata ne za ka miƙa wa mai Excel, juya shi zuwa UTF-8-BOM kafin ka tura.

Tsarin UTF-8 ne, amma ina ganin ɗan akwati a wurin harafin.

Wannan laifin samfurin haruffan da aka zaɓa ne, ba shi da zanen ƙ ko ɗ. Rubutunka na nan. Shiga Settings, Style Configurator, ka sauya samfurin. DejaVu Sans Mono da Noto Sans Mono duk kyauta ne kuma suna da haruffan Hausa.

Ta yaya zan buga haruffa masu ƙugiya tun farko?

Wannan aikin Windows ne, ba na Notepad++ ba. A Settings, ƙarƙashin Time & Language, za ka iya ƙara harshen Hausa da allon madannansa, sannan ka riƙa sauyawa tsakaninsa da na Turanci da madannin Windows haɗe da Space. Akwai kuma Keyman, manhajar kyauta ta ƙungiyar SIL, mai alluna na harsunan Afirka da dama.

Ga wanda hannunsa ya riga ya saba da k’ da d’ da b’, akwai hanyar da ba sai ya sauya ɗabi’a ba. Ya rubuta yadda ya saba, idan ya gama ya danna Ctrl da H, ya sa k’ a gurbin sama, ƙ a na ƙasa, ya sa alama a Match case, ya danna Replace All. Sai ya maimaita wa K’ da d’ da D’ da b’ da B’. Match case ɗin nan wajibi ne, in ba haka ba manyan haruffan farkon jimla duk za su koma ƙanana. A kuma kula da kalmar da ta ƙare da k ko b a bakin alamar rufe zance, kamar ‘duk’, domin ita ma za ta shiga cikin sauyin. Batun ’y kuwa ya danganta da inda masu karatunka suke: a Najeriya an fi rubuta ’ya’ya, a Nijar ƴaƴa.

Idan kullum kake wannan aiki, ɗauke shi a matsayin macro, wato jerin matakan da manhajar ke haddacewa ta maimaita maka. Ctrl, Shift da R na fara ɗauka, ka yi sauye-sauyen shida, ka sake danna su don tsayawa, sannan ka adana shi da suna a menu na Macro. Daga ranar, dannawa ɗaya ce.

Larabci da ajami fa?

Yana karɓarsu, kuma Ctrl, Alt da R na juya rubutu ya fara daga dama, Ctrl, Alt da L ya mayar da shi. Amma gaskiya ba nan ƙarfinsa yake ba. Zaɓen kalma da motsa alamar rubutu kan yi gardama, musamman idan an cakuɗa boko da Larabci a layi ɗaya. Dogon rubutun ajami mai wasulla ya fi daɗin yi a LibreOffice Writer ko Word.

Wuta ta ɗauke ban adana ba. Aikina ya tafi?

Mai yiwuwa yana nan. Notepad++ na zuwa da wani saiti a kunne wanda ke kwafar abin da kake rubutawa duk bayan daƙiƙa 7, har da shafin da ba ka taɓa ba shi suna ba. Idan ka sake kunna kwamfuta ka buɗe shi, yawanci za ka tarar da shafukanka yadda ka bar su. Saitin yana Settings, Preferences, Backup, kuma kwafin yana zama a foldar backup da ke cikin %APPDATA%\Notepad++, wadda za ka iya buɗewa ta hanyar liƙa wannan adireshi a saman File Explorer.

Amma wannan sauƙin ya lalata mutane da yawa. Za ka ga mutum da shafuka ashirin, new 1 har new 20, wata da watanni bai adana ko ɗaya ba, ya mai da manhajar kamar aljihun riga. Ran da aka sake wa kwamfutar Windows, ko wata manhajar share-share ta bi ta kan foldar, duk sun tafi. Yankewar wuta daidai lokacin da ake rubuta kwafin ma takan bar fayil fanko. Abin da kake so, ba shi suna ka danna Ctrl da S.

Na buɗe fayil ya ƙi adanuwa.

Idan fayil ɗin na cikin wuraren da Windows ke karewa ne, kamar fayil ɗin hosts ko wani abu a Program Files, Notepad++ zai tambaye ka ko ya sake tashi da ikon mai gudanarwa. Ka amince idan ka san abin da kake taɓawa, kuma ka fara ajiye kwafin asalin a gefe. In ba wannan ba, duba ko wata manhaja ce ke riƙe da fayil ɗin, ko kuma an sa masa alamar karatu kawai.

Zan iya gwada furogiram ɗina daga ciki?

Notepad++ yana sa wa rubutun harsuna da yawa launi, irin su HTML, Python, C da Java, amma shi kansa ba ya tafiyar da su. Sai ka ɗora harshen daban. Idan Python na kwamfutarka, adana fayil ɗin, danna F5, ka rubuta cmd /k python "$(FULL_CURRENT_PATH)" ka danna Run. Wannan /k ɗin shi ke hana baƙar tagar rufewa kafin ka ga sakamako. Ga mai koyo wannan ya wadatar. Idan aiki ya girma ya zama fayiloli barkatai da neman kurakurai layi-layi, Visual Studio Code na Microsoft, wanda ya fito a 2015 kuma shi ma kyauta ne, ya fi dacewa, sai dai ya fi nauyi nesa ba kusa ba.

Waɗanne ƙarin kayan aiki suka cancanci a saka?

A menu na Plugins akwai Plugins Admin, inda za ka zaɓa ka danna Install, manhajar ta rufe ta sake buɗewa. ComparePlus yana jera fayil biyu gefe da gefe ya haska inda suka saɓa, abin da mai fassara ko mai tace rubutu zai ji daɗinsa ƙwarai idan an dawo masa da aiki ba a faɗi abin da aka taɓa ba. XML Tools da JSON Viewer na masu harkar bayanai ne. Kada ka tara abin da ba ka amfani da shi, domin yawancin lokacin da Notepad++ ya fara rufewa da kansa bayan sabuntawa, wani tsohon ƙari ne sanadi. Idan ka kwafo ƙari da hannu, ya zama bit ɗinsa ɗaya da na manhajar, na 32 ba ya shiga na 64.

Me ya sa wasu sigogin ke da sunaye na siyasa?

Halin mai shi ne. Don Ho ya saba laƙaba wa sigogi sunan abin da ke damunsa a duniya. Ta 7.8.1 da ta fito a 2019 ya sa mata sunan neman ’yancin al’ummar Uighur ta ƙasar Sin, abin da ya jawo masa ruwan martani a GitHub. Sunan bai shafi aikin manhajar ba.

Linux nake amfani da shi, ko Mac. Akwai nawa?

Notepad++ na Windows ne. A Linux ana iya tashinsa ta hanyar Wine, manhajar da ke tafiyar da manhajojin Windows a Linux, kuma a Ubuntu umarnin sudo snap install notepad-plus-plus zai kawo shi a naɗe da Wine ɗin, sai dai ya fi na Windows girma da jinkirin tashi. Shawarata ita ce a yi amfani da ’yan gida. Kate na KDE yana yin kusan duk abin da aka lissafa a sama, Geany mara nauyi ne, Linux Mint kuma na zuwa da Xed. A Ubuntu da Debian, sudo apt install kate ko sudo apt install geany ya wadatar. A Mac akwai CotEditor, kyauta a App Store.

Idan kana kai-kawo da fayil tsakanin Windows da Linux, ka san cewa ba iri ɗaya suke rufe layi ba: Windows na sa alama biyu, CR da LF, Linux da Mac na yanzu LF kaɗai. Rubutun umarni da aka yi a Windows kan ƙi tashi a Linux saboda wannan kawai. A Notepad++ ana gyara shi a Edit, EOL Conversion, a zaɓi Unix.

Yaya zan sabunta shi, ko in cire shi?

Yakan sanar da kai idan sabuwar siga ta fito, ko ka duba da kanka a menu mai alamar tambaya da ke ƙarshen layi. Kana iya kuma sauke sabuwar daga shafin asali ka ɗora a kan tsohuwar, saitinka ba zai taɓu ba. Mai sigar filashi sai ya sauke sabon zip, ya kwafo config.xml da shortcuts.xml daga tsohuwar folda, domin a na biyun ne macro ɗinsa suke.

Cirewa kuwa ta Settings na Windows ne, sai Apps, ka nemo sunansa ka danna Uninstall. Kafin nan ka bi shafukan da ba ka adana ba ɗaya bayan ɗaya, ka kuma kwafe foldar %APPDATA%\Notepad++ zuwa wani wuri idan kana da niyyar sake ɗora shi a wata kwamfutar.